Sabon tafinta da tsohon rumbu: tarihin aikin da ke hana bayananmu ɓacewa

A watan Maris na 2025 aka sa hannu a Yamai kan kundin sabunta ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Ba wanda bai ji wannan labari ba a Tawa, tun daga samarin fada masu shayi har zuwa dillalan albasa. Wata guda bayan haka, ran 25 ga Afrilu, wani abu ya faru da rediyo bai kula da shi ba: wasu masu rubuta manhaja suka fitar da GCC 15. Ina so in nuna wa ƴan'uwana malamai da iyayen yara cewa labaran nan biyu suna da alaƙa. In Hausa za ta shiga takardun hukuma, da jerin sunayen ɗalibai, da sakamakon jarrabawa, to cikin rumbun bayanai na kwamfuta za ta shiga. Shi kuwa rumbun da kayan aiki ake gina shi, kuma kayan aikin nan ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Bari in fara da bayanin GCC ɗin. Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, ba ta ma jin harsunan da masu manhaja ke rubutu da su. Lambobi kawai take ganewa. Saboda haka akwai wata manhaja da ke tsayawa tsakani: tana karɓar rubutun da mutum ya yi, ta juya shi zuwa umarnin da na'ura za ta bi. Masu sana'ar suna ce mata kwamfaila. Ni tafinta zan kira ta, don kakanninmu sun san tafinta sarai a ƙofar kwamandan zamanin Turawa, sun kuma san cewa abin da ya fito daga bakinsa shi ne ke zama hukunci, ba abin da mai ƙara ya faɗa ba. Tafintan kwamfuta ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana da abokan tafiya: mai haɗa guntayen da aka fassara su zama abu ɗaya, da ɗakin ajiyar ƙananan ayyuka da kowace manhaja ke ara, da rubutaccen tsarin da ke faɗin abin da za a fara da abin da zai biyo baya. Kamar maƙera ce: zugazugi, da uwar maƙera, da masaba, da awartaki. Ka sauya ɗaya, sai ka sake koyon bugu.

Grace Hopper ta yi ɗaya daga cikin tafintoci na farko a Amurka a 1952. Kamfanin IBM ya fitar da na harshen FORTRAN a 1957. Wajajen 1972 Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen C, wanda har gobe da shi aka rubuta manyan rumbunan bayanai da yawa. A 1987 Richard Stallman ya fitar da GCC kyauta ga kowa, da rubutunsa na asali a buɗe. Shi kansa harshen C an yi ta sake masa ƙa'ida: a 1989, da 1999, da 2011, sai ta baya-bayan nan da ake kira C23, wadda aka buga a 2024. Mu malamai mun san irin wannan. Kowane sabon tsarin koyarwa da ya zo daga ma'aikata yana riƙe da yawancin tsohon, amma yana soke wasu abubuwa, kuma a wajen abin da aka soke ake samun kuka.

Ga misali ɗaya da ya kamata a tsaya a kansa. A tsohon C, mai rubutu yana iya kiran wani aiki da suna ba tare da ya gabatar da shi ba tukuna. Tafinta sai ya yi zato: ya ɗauka cewa aikin nan lamba ce ta yau da kullum zai dawo da ita. A zamanin ƙananan na'urori zaton yakan yi daidai. Da na'urori suka girma, adireshin wuri a cikin ƙwaƙwalwarsu ya ninka tsawo, sai zaton ya riƙa yanke rabin adireshin, manhaja ta je ta ɗauko abu daga inda ba a aike ta ba. Ƙa'idar 1999 ta hana wannan ɗabi'a. Amma GCC ya ci gaba da karɓa, yana gargaɗi kawai, shekara 25 cur, kamar malamin da ke jan layi da jan biro a ƙarƙashin kuskure amma bai taɓa rage maki ba. Sai a watan Mayu na 2024, da GCC 14, gargaɗi ya zama ƙi. Tsofaffin manhajoji masu ɗimbin yawa suka daina ginuwa, mutanen Fedora da Gentoo da Debian suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa. Shekara ta zagayo, GCC 15 ya mai da C23 ƙa'idarsa ta kullum. A C23 kalmar bool, wadda ke nufin abin da amsarsa i ko a'a ce, ta zama kalmar harshen kansa. Duk tsohuwar manhajar da ta riga ta raɗa wa wani abu nata wannan suna, sai ta wayi gari tana rigima da tafinta a kan suna.

Wanda gininsa ya tsaya da ihu ya yi sa'a, don ya san akwai matsala. Abin tsoro shi ne wanda ya wuce shiru. Kafin a fara gina babbar manhaja, akwai wani mataki da ake yi wa na'ura ƴan tambayoyi: kina da abu kaza? Kina iya kaza? Ana tambayar ne ta hanyar ba tafinta wasu ƙananan rubuce-rubuce na gwaji. In gwajin ya ginu, amsa i ce. To da yawa cikin gwaje-gwajen nan da tsohon salon aka rubuta su. Sabon tafinta ya ƙi su saboda salon, tsarin gini kuwa ya fassara ƙin da cewa na'urar ba ta da abin, ya ci gaba da gini ba tare da shi ba. Manhaja ta fito lafiya a ido, amma da gurguwar ƙafa. Duk malamin da ya taɓa ganin yaro mai ƙoƙari ya faɗi tambaya don an tsara tambayar a karkace ya gane abin da nake nufi: an auna tambayar ne, aka rubuta sakamakon a kan yaron.

A manhajar wasa irin wannan kuskure abin haushi ne kawai. A rumbun bayanai kuwa amanar mutane ce a ciki. Shi ya sa masu kula da PostgreSQL, rumbun da asalinsa ya faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986 ƙarƙashin Michael Stonebraker, suke tafiya kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Tun 2004 suna da garken na'urori na ƴan sa kai a ƙasashe daban-daban, kowace da sunan wata dabba, wasu da tsofaffin tafintoci, wasu da sababbin da ba a ma fitar ba tukuna. Duk gyaran da aka shigar, na'urorin nan za su sake gina rumbun su jarraba shi, wadda ta ga ɓaraka ta nuna ja. Ba su tilasta ƙa'idar 1999 a kan rubutunsu ba sai da fitowa ta 12, a 2019, shekara 20 bayan ƙa'idar, don kada su yar da masu tsofaffin na'urori a hanya. Kowace fitowa kuma suna kula da ita shekara 5. Ma'anar wannan ita ce in sabon tafinta ya zo, ba sabon rubutu kaɗai za a daidaita da shi ba, har da na shekarun baya da asibitoci da bankuna ke kai. Mutumin da ya zauna ya yi wannan aiki, in ya gama, mai amfani da rumbun ba zai ga sabon abu ko ɗaya ba. Ladan aikin ke nan gaba ɗaya: abin da ke aiki jiya yana aiki yau.

Wani zai ce wannan ai zancen Turai da Amurka ne. Ni kuwa ina ganin mu Hausawa mun fi su sanin ciwon, don rubutun bokonmu ya sha sauyin ƙa'ida da na kayan aiki a cikin shekara ɗari. A ƙamus ɗin Bargery na 1934 ba za ka ga ɓ da ɗ da ƙ ba, da wasu alamomi daban aka bambanta su. A cikin shekarun 1930 ne haruffa masu lanƙwasa suka zauna a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 ta yaɗa su. A nan Nijar kuwa taron UNESCO na Bamako na 1966 ne ya ba mu ƙa'idar da aka yi yaƙi da jahilci da ita. Wanda ya riƙe tsofaffin littattafan lokacin ya ga ana ninka wasali mai tsawo, ana kuma rubuta sunan harshen Hawsa. Da wannan yanayi aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Aka zo aka yi taro a Yamai a 1980 don kusanto da rubutun ƙasashen biyu, sannan a watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da muke bi yanzu. Duk da haka saura ƙiris: mu muna rubuta ƴa da harafi mai lanƙwasa, ƴan'uwanmu na Sakkwato da Kano suna sa waƙafi kafin y. A idon mai karatu kalma ɗaya ce. A wajen rumbun bayanai kalmomi biyu ne da ba su san juna ba, wanda ya nemi ɗaya ba zai samu ɗayar ba sai in an koya wa rumbun.

Kowane sauyi cikin waɗannan, sai da wani ya zauna ya sake buga littattafai. Zamanin tafireta da sitansil, da hannu ake ƙara wa b da d da k ƙugiyarsu. Da kwamfuta ta zo sai aka yi dabara: a ɗauki zanen haruffa na Turawa, a cire wata alama da ba mu bukata, a dasa ƙ a gurbinta. A kan allon na'urar da ke da wannan zane, komai daidai. Ka kai takardar wata na'ura, sai ƙ ta koma alamar da aka kora, shafi ya cika da tarkace. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin, ya ƙunshi haruffanmu huɗu manya da ƙanana tun farkon shekarun 1990, amma an daɗe ana aiki da tsohuwar dabarar bayan haka, don ita ke hannun masu buga takardu.

Akwai aiki ɗaya da nake ba ɗalibaina labarinsa. A 2008 shirin Soutéba na tallafa wa ilimin firamare ya fitar da ƙamus na Hausa da Faransanci don ƙananan azuzuwa, mai kalmomi fiye da 7,000, tare da irinsa na wasu harsunan ƙasa. A manhajar Word aka rubuta su, da haruffan dabara irin waɗanda na faɗa. Bayan ƴan shekaru wani shiri mai suna DiLAF, wanda ya haɗa masana na Nijar da Mali da na jami'o'in Faransa, cikinsu har da Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot, ya ɗauki ƙamusoshin ya mai da kowane harafi kan lambarsa ta Unicode, ya rarrabe kalma daga ma'ana daga misali, ya zuba su cikin rumbun da ake iya bincika ta intanet. Asalin aikin ba ƙirƙirar sababbin kalmomi ba ne, sauya wa tsofaffi mazauni ne. Aikinsu da na mai daidaita PostgreSQL da sabon tafinta uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Yanzu ga inda labaran biyu suka haɗu sosai, kuma a kan abin da kowane malami ke yi ranar farko ta shekara: jera sunaye. Ɗauki yara uku, Kabiru da Kulu da Ƙasimu. In k da ƙ haruffa biyu ne daban, kamar yadda muke koyarwa, jerin shi ne Kabiru, Kulu, Ƙasimu. In an ɗauke su harafi ɗaya, sai ya zama Kabiru, Ƙasimu, Kulu. Rumbun bayanai yana ajiye fihirisa a jere don ya yi saurin nema, kamar yadda kake buɗe rajista a tsakiya ka san ko gaba za ka yi ko baya. Ƙa'idar jerin kuwa sau da yawa ba ta rumbun ba ce, aro yake yi daga ɗakin ajiyar nan na kayan aiki. A watan Agusta na 2018 aka fitar da glibc 2.28, wanda ya sauya ƙa'idar jera rubutu a harsuna masu yawa. Waɗanda suka sabunta na'urorinsu suka bar fihirisar PostgreSQL yadda take, sun shiga wani hali: fihirisa jere da tsohuwar ƙa'ida, nema da sabuwa. Suna yana nan cikin rumbu, amma in an neme shi sai a ce babu. Inda doka ta ce kada suna ya shiga sau biyu, sai ya shiga. Maganin shi ne a sake gina fihirisar gaba ɗaya, kuma sai wanda ya sani zai yi. Ku kwatanta wannan da yarinyar da ta zo daga Barmu ko Afala neman sakamakonta na BEPC, magatakarda ya buga sunanta, na'ura ta ce ba ta san ta ba. Wa zai yarda da yarinya a kan na'ura?

Mun ma taɓa ganin yadda sabon kayan aiki mai tsauri ke yi wa tsohon bayani. Iyayenmu da yawa takardunsu cewa suke an haife su wajajen shekara kaza, ba rana ba wata. Magatakardan da ya rubuta haka da alƙalami gaskiya ya faɗa. Da aka zo shigar da su na'urar da ba ta karɓar gurbin rana a wofi, sai aka ba jama'a da yawa 1 ga Janairu. Yau duk wanda ya duba zai ɗauka rabin dattawan Adar ranar sabuwar shekara aka haife su. Kalmar wajajen, wadda ita ce gaskiyar maganar, ta faɗi a hanya.

Sai kuma abin da ke faruwa in ba wanda ya yi aikin daidaitawar. A 1985 UNESCO ta fara raba manhajar CDS/ISIS ta ƙananan kwamfutoci kyauta, ɗakunan karatu da cibiyoyin ajiyar takardu na Afirka da yawa suka zuba kundin littattafansu a ciki. Daga baya aka yi ta Windows, WinISIS. Amma an gina ta ne da kayan aikin zamanin bit 16, Windows mai bit 64 kuwa ba ya buɗe irin wannan. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka fitar da bayanansu a tsarin musaya na ISO 2709 suka ƙaura zuwa Koha ko PMB ko ABCD. Na ga ƙaramin irin wannan da idona a wata makaranta da na koyar. Wani shirin taimako ya kawo mana manhajar rubuta maki, aka yi mana horo na kwana uku, muka shigar da sakamakon shekaru. Shirin ya ƙare, kwamfutar ta mutu da zafi da ƙura, aka samo sabuwa, manhajar ta ƙi buɗewa a kanta. Rubutunta na asali yana hannun wanda ya yi ta, shi kuwa ya daɗe da barin ƙasar. Babbar rajistar takarda da dirakta ya ƙi yarda a daina cikawa ita ta fitar da mu kunya a gaban iyaye.

A ganina laifin tsarin taimako ne baki ɗaya, ba na mutum ɗaya ba. Ana samun kuɗin sabon abu, don sabon abu ana yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto. Ba a samun kuɗin yaɓe. Alhali duk wanda ya tashi a ƙauyukan Adar ya san manyan rumbunanmu na laka ba ƙarfin ginin farko ne ke riƙe su ba, hannun da ke bin tsaga kafin damina ne. Jami'ar Djibo Hamani tana nan Tawa tana yaye matasa, kuma da zan ba masu koyon kwamfuta cikinsu shawara, da na ce su koyi wannan aiki marar suna: ɗaukar tsohuwar manhaja a sa ta ginu da sabon tafinta. Ƙofar a buɗe take, don GCC da PostgreSQL duk rubutunsu a fili yake, ba a tambayar mai gyara daga wace ƙasa ya fito.

Akwai rumbu ɗaya da kusan kowane gida a Tawa ke da shi ba tare da an sani ba. Sunansa SQLite. D. Richard Hipp ya fitar da shi a shekarar 2000, da harshen C, kuma yana cikin kowace wayar Android da iPhone. Saƙonnin WhatsApp da ɗan ci-rani ke aiko wa gida daga Abijan ko Libiya, a cikinsa wayar ke lissafa su. Tsarin fayil ɗinsa bai karye ba tun fitowa ta 3 a 2004, abin da aka ajiye a wancan lokaci yana buɗuwa yau. Masu shi suna jarraba shi da tafintoci iri-iri, sun kuma bayyana niyyarsu ta kula da shi har 2050. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin tsare-tsaren da ya yarda a yi doguwar ajiya da su. Yaron da ya shiga aji ɗaya bana zai haura shekara 30 a 2050, lokacin da zai iya bukatar shaidar karatunsa don neman aiki. Da wannan ma'auni ya kamata a auna duk manhajar da aka kawo makaranta.

Ni dai yanzu in aka zo mana da sabuwar manhaja, kafin a fara jawabi nakan roƙi a ba ni allon bugu. Sai in shigar da Ƙasimu, da Ɗanladi, da Ɓaidu, da wata Ƴarbaba, in bar ranar haihuwar ɗaya a wofi in ga abin da za ta yi. In sa ta jera su. Sannan in ce a fitar mini da jerin a fayil na rubutu zalla, a sa a kile, mu tafi ofishin da ke kusa mu buɗe shi a wata kwamfutar da ba ta taɓa ganin manhajar ba. Tambaya ta ƙarshe ga mai kawowa nake yi, a gaban shugaban ƙungiyar iyayen yara: rubutun asalin yana hannun wa, kuma wa zai sake gina ta in Windows ko Android sun sauya?